Ziyarar Kano: Ka Zo Da Sallah Ko Ka Bari Sai An Watse?

Duk wanda ya ce zai zo Kano yawon buɗe ido, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya daidaita tafiyarsa da Sallah don ya ga hawa. Shawarar ba ta da laifi, sai dai rabinta ake faɗa. Kanon Sallah daban, Kanon sauran ranakun shekara daban, kuma yawancin abin da za ka samu a ɗaya shi ne za ka rasa a ɗayar. Wanda yake da mako biyu a hannu ba shi da matsala. Mai kwana uku ko huɗu kuwa dole ya zaɓa, kuma gara ya zaɓa da saninsa.

Mu fara da hawa, tunda shi ke jawo mutane. Ranar Sallah Sarki kan fito da ƙafa daga fadarsa, Gidan Rumfa, zuwa filin Idi na Ƙofar Mata. In an idar sai ya hau doki ya ratso unguwannin cikin birni, ya tsaya a Gidan Shatima su gaisa da Gwamna, sannan ya koma gida. Washegari da yamma ake Hawan Daushe, inda Sarki kan biya Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar Sarki, gaisuwa kafin a taru a Ƙofar Kudu ta fada. Rana ta uku Hawan Nasarawa, a fita waje har gidan gwamnati, a zago ta Sabon Gari. Daga baya a rufe da Hawan Ɗorayi ko na Fanisau, gwargwadon wace Sallah ce. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, amma Bakano bai jira wannan ba kafin ya san abin da yake da shi.

In ɗaya kawai za ka gani, Hawan Daushe za ka nema. Hakimai ne ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da zugarsa, kowace zuga da launin kayanta, da makaɗanta, da masu yi mata kirari. Ka lura da dawakan sosai: jalala mai aiki a ƙarƙashin sirdi, linzami da likkafa suna walƙiya, wani dokin ado ya rufe shi har idonsa kaɗai ake gani. 'Ya'yan sarauta da rawani mai kunne biyu, wasu yara ne ƙanana da ƙafarsu ba ta gama isa likkafa ba, an riƙe musu linzami. Can ƙarshe sai ƙarar bindiga ta cika gari, hayaƙin albarushi ya tashi, ka san Sarki ya taho. 'Yan lifida da 'yan sulke a gaba, dogarai cikin ja da kore, tambura a kan raƙuma, kakaki da algaita, dawakan zage ba kowa a kansu, ga laima tana juyawa, ana yi masa fifita da figini na gashin jimina. In an zo jahi, mahaya su sako dawaki a guje su ja linzami daf da Sarki, su ɗaga hannu su yi jinjina, ƙasa har motsi take yi a ƙarƙashin ƙafarka. Babu wata ranar Talata ta tsakiyar shekara da za ta ba ka wannan, kuma hoton waya ba ya ɗauko ko rabinsa.

To amma ga abin da ba a cika gaya wa baƙo ba. Rumfar 'yan kallo ta Ƙofar Kudu da kati ake shiga. In ba ka da wanda zai samo maka, a bakin titi za ka tsaya cikin turmutsutsu, tun da rana tsaka, kana jiran abin da ba zai kankama ba sai bayan la'asar. A irin wannan cunkoso ne masu ƙwacen waya ke cin kasuwarsu, kuma cikin masu rakiyar wasu zugogin akan samu matasa da makamai waɗanda wasansu kan rikiɗe ya zama faɗa. Mai ƙananan yara ya nemi bene ko soron wani gida da ke kan hanyar hawan, ta hannun ɗan unguwa. Na biyu, hawan kansa ba tabbas ba ne. An dakatar da shi lokacin annobar korona a 2020, kuma tun da rikicin sarauta ya taso a watan Mayu na 2024 'yan sanda sun sha hana shi, har da Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025. Sanarwar kan fito ne ana saura 'yan kwanaki. Wanda ya yanki tikitin jirgi ya kama ɗaki tun wata guda kafin lokacin, yana iya zuwa ya tarar ba doki ko ɗaya a titi.

Sai batun rana. Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, a 2025 ranar 30 ga Maris, Babbar Sallah kuma ta faɗo farkon Yuni. Wato a 'yan shekarun nan bikin yana faɗowa ne cikin bazara, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40. Mutumin Jos ko na Gembu ya yi wannan lissafin tun daga gida.

Abincin Sallah kuwa, a nan ne zaɓin ya fi tsanani, domin da Sallah girki yakan koma cikin gida. Tuwon shinkafa da miyar taushe mai kabewa da gyaɗa, waina, funkaso, alkubus, sinasir, ga cincin da dubulan da nakiya an cika kwanuka, yara suna ta kai da kawowa tsakanin maƙwabta da kwanon abinci a ka. Duk wannan ba na sayarwa ba ne. In kana da masauki a gidan mutane, ka more, har sai ka riƙa roƙon a ƙyale ka haka. In kuwa a otal ka sauka ba ka san kowa ba, za ka sha mamakin yadda garin da ya fi ko'ina abincin titi zai bar ka kana neman inda za ka karya. Mai waina tana gida tana yi wa iyalinta, mai shayin bakin layi ya tafi garinsu, gidajen abinci da yawa a rufe. Abin da ya rage shi ne shinkafar otal, wadda ko a Abuja irinta za a ba ka.

Sallolin biyu ma ba ɗaya ba ne. Ƙaramar Sallah ta fi armashi a ido: an fito daga azumi, kowa da sabon ɗinki, 'yan mata da lalle, gari ya cika. Babbar Sallah ta nama ce. Kwana biyu na farko gidaje suna fama da fiɗa da gyaran kayan ciki da suya, ƙamshin soyayyen nama ya game kowane lungu, amma mutane da yawa, har da wasu masu sarauta, suna ƙasa mai tsarki, kuma hankalin saura yana kan layya. Don kallo, Ƙarama. Don ci, in kana da gidan zuwa, Babba.

Yanzu mu dubi Kanon da ba a buga mata tambari.

Kasuwar Kurmi ita ce babbar asarar mai zuwa da Sallah, domin a kwanakin bikin rumfuna a kulle suke. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kasuwar take ci a inda take, a gefen Jakara. Nan fatake daga Agadas da Gadamus da Tarabulus suke sauke gishiri da tufafi da takarda, su ɗauki rinannen tufafi da fata. Jar fatar akuya da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, da yawa daga ƙasar Hausa ta tashi ta ƙetare Sahara. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, kuma cinikin tufafin garin na daga cikin abin da ya fi ɗauke masa hankali. Yau manyan kuɗi sun koma Kantin Kwari da Singa da Dawanau, Kurmi ta zama ta masu sana'ar hannu, kuma hakan ne ya sa ta fi daɗin zagayawa. Lungunanta ƙunci gare su, mutum biyu da ƙyar suke giftawa. Ka shiga layin masu kayan doki ka ga irin jalalar da ka hango daga nesa ranar hawa, a nan za ka taɓa ta, ka tambayi wanda ya ɗinka ta wata nawa ta ci. Gaba kaɗan dukawa da jakunkuna da titimi da kube, sai masu ƙwarya da ludayi, masu tabarma da faifai, masu turaren wuta, masu kanwa da kayan yaji, masu allo da littattafan addini. Kada ka shiga kai kaɗai a karon farko, ba don tsoro ba, don za ka ɓata, kuma farashin baƙo daban ne. Ka yi tayi ba kunya. In an ce "albarka" ba kora ba ce, ƙari ake nema.

Daga nan marinar Ƙofar Mata ba nisa, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Da safe ake zuwa, lokacin da masu rini ke bakin karofi. Ruwan baba da toka da katsi ne a cikin ramin, ya kwana yana tsima har ya yi kumfa. Mai rini zai tsoma ƙyalle ya ɗago, ka gan shi kore-kore, yana shan iska yana rikiɗa ya koma shuɗi a gaban idonka, ya sake mayarwa. Haka zai yi ta yi, gwargwadon duhun da ake so. Mata ne a cikin gidaje ke ɗaure zanen da zare kafin a kawo, shi ya sa in an kwance ake ganin zane iri-iri. A gefe kuma masu bugu suna zaune a jere, suna dukan shadda a kan gungume da manyan sanduna har ta yi ƙyalli, bugun yana tafiya a tare kamar masu daka a turmi ɗaya. Gaskiya ramuka da yawa sun mutu, an bar su shara ta cike, kuma wasu masu rinin sun koma rinin zamani. Duk da haka wurin yana aiki, kuma in za ka ɗauki hoto ka nemi izini, ka sayi ko ƙaramin ƙyalle ne. Da hoto kaɗai ba a cefane.

Gidan Makama yana daura da fada, ginin ƙasa mai azara da bakan gizo, wanda ya koma gidan tarihi. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zuwan Turawa a 1903. Awa ɗaya ya isa, biyu in ka samu mai bayani da ya san aikinsa. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909, ya cancanci a leƙa in akwai lokaci. Ganuwa kuwa kada ka sa rai da yawa. Tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12 aka fara ta, amma gine-gine da masu ɗiban ƙasa sun cinye mafi yawanta, ƙofofi da dama kuma an rushe an sake su da siminti don faɗaɗa titi. Abin takaici ne, kuma Sallah ko ba Sallah ba haka za ka same ta. Dutsen Dala a hau shi da sassafe ko gab da magariba. Daga sama za ka ga Gwauron Dutse, da koren ƙubbar Masallacin Juma'a na cikin gari, da yadda tsohon birni ya cure wuri ɗaya.

Amma ni a wajena abin da ya fi rinjayar da ma'auni zuwa ranakun da ba biki shi ne ciki. Kano gari ne da ake ci a titi, kuma kowane lokaci na yini da abincinsa. Da asuba koko da ƙosai, ko waina mai zafi daga tanda, a zuba mata miya ko a barbaɗa ƙuli. Da hantsi ɗan wake, wanda ake kwaɓa garinsa da kuka da kanwa, a riƙa jefawa cikin tafasasshen ruwa har ya taso, a tsame a zuba mai da yaji. Da rana garau-garau, shinkafa da wake ke nan da mai da yaji, abincin ɗan kasuwa da ɗalibi da mai kuɗin da bai manta asalinsa ba. In rana ta take, fura da nono. Yanzu shaguna sun cika gari masu markaɗa fura da yogot a inji, tana da sanyi tana da daɗi, amma ka nemi wadda aka dama da ludayi a ƙwarya da kindirmo, mai gudaji-gudaji da ɗan yajin citta da kanumfari, ko sau ɗaya ne.

Gurasa ita ce tambarin garin. Larabawan da suka zauna a unguwanni irin su Dandalin Turawa ake danganta ta da su, kamar alkaki. A wajen Jakara mata ke yin ta a cikin gidaje, a manna ƙullun a jikin tanderu mai zafi, ta gasu ta ɗan ƙone a gefe. Masu talla su ɗauka cikin manyan kwanduna su bazu gari. Bandashe ake ce wa haɗin da ya fi shahara: mai gurasa zai tsoma ta a ruwa ta yi laushi, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli har ta ɓace, ya kwarara man gyaɗa, ya sa yaji, ya yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Da hannu ake ci, a tsaye ko a kan benci. In ya tambaye ka yaji, ka ce kaɗan tukuna, don hannun Kanawa a yaji ba na wasa ba ne. Da daddare kuma gurasar nan ce ake ɗora wa a gefen tukuba ta sha maiƙon nama, a haɗa maka da tsire ko balangu. Tsire shi ne na tsinke mai ƙuli, balangu gasasshe ne a yanka maka gunduwa-gunduwa. Mai son kitse ya nemi balangun rago, ya ce a sa masa tantaƙwashi in akwai.

Kilishi na tsaraba ne, kuma unguwar Agadasawa aka fi sani da shi. In ka je da rana za ka ga an shanya naman fale-fale a kan gadajen kara, an yanka shi siriri har kana hango haske ta ciki. In ya bushe a tsoma shi a labu na tunkuza da kayan ƙamshi, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Akwai ja mai yaji, akwai fari. Ka ɗanɗana kafin a naɗe maka, kuma ka ce a ba ka na yau. Mai kyau yana karyewa ne, ba ya jan haƙori kamar roba, ba ya kuma warin tsohon mai. Da Babbar Sallah mahauta da yawa suna gidajen mutane suna fiɗa, don haka ko wannan ma ya fi samuwa a ranakun da ba biki.

Wane wata ya kamata a zo ke nan? Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi. Ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka, amfanin gona ya shigo, ga sabuwar gyaɗa da rake da dankali. Janairu akwai sanyi mai daɗin yawo, kayan lambu na noman rani daga wajen Kura da Kadawa sun yi araha, sai dai hazo kan rufe gari, ka hau Dala ka kasa hango komai, wani lokacin har jirage su kasa sauka. Mai asma ya kiyayi wannan lokacin. Agusta kuma ruwa ne, lungunan cikin birni su caɓe.

Akwai wasu lokuta da ke tsakanin biyun, waɗanda baƙi ba su cika sani ba. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, jama'a kan yi ɗango su hau Dala, gari ya yi biki, kuma kwana ɗaya ne, washegari kasuwa ta ci. Maukibin Ƙadiriyya a watan Rabi'us Sani yana tashi daga gidan Ƙadiriyya na Kabara, da tutoci da bandiri da dubban muridai. Azumi kuma da rana gari a mace yake, amma daga la'asar titi ya cika da masu ƙosai da kunun tsamiya da kankana, dare ya raya har sahur, in an kai goma ga wata yara su fito tashe a shekarun da aka bari. Wanda ba ya azumi zai wahala da rana, don ba a cin abinci a fili.

To wa ya kamata ya zo yaushe? In kana da dangi ko aboki a cikin gari wanda zai sauke ka, ya zagaya da kai gidajen 'yan'uwa, ya san ta inda hawa zai bi, ka zo da Ƙaramar Sallah, amma ka ƙara kwana biyu ko uku bayan Hawan Nasarawa don kasuwanni su buɗe. Haka ma mai ɗaukar hoto wanda dawaki ne suka kawo shi, shi ba shi da zaɓi. In kuwa zuwan farko ne, ba ka san kowa ba, ko kana tafe da iyali, ko abinci da sana'o'in hannu ne suka fi damunka, ka bar Sallah ta wuce. Ka zo a tsakiyar mako cikin Nuwamba, ka haɗa da Juma'a ɗaya don ka ga yadda cikin gari ke cika a masallacin fada, amma ka gama sayayyarka kafin ranar, don kasuwa ba ta kankama sai an sauko.

Ko yaushe ka zo, masauki ya fi sauƙin samu a Nasarawa da Bompai, daga can ka shigo birni. An hana acaɓa a Kano tun 2013, don haka adaidaita sahu ce abin hawa. Ka yi ciniki kafin ka shiga, in wurare da yawa za ka je ka ɗauki shata ta yini. Sutura ta zama mai rufe jiki, mace ta riƙe mayafi, kuma a cikin gari ba a shiga zauren mutane ba sallama. Mai niyyar hawa kuma kada ya biya kuɗin ɗaki da ba a mayarwa sai ya ji sanarwar masarauta da ta 'yan sanda, ya kuma kira wani mazaunin garin ya tabbatar masa.